Hancina a karkace yake ta ciki, ga abinda na koyo a Indiya da yadda nake lallaba shi

Jiya bayan sallar asuba wani kanina ya turo min bidiyo a WhatsApp, wani mutum ne zaune gaban kwalabe yana ta rantse-rantse wai man da yake saidawa yana mikar da karkataccen hanci cikin sati biyu, ba tiyata ba komai, kuma wai daga Indiya aka kawo shi. Kanin nawa ya rubuta a kasa, Yaya ba irin ciwonka bane wannan? Wallahi raina ya baci sosai, ba da shi yaron ba, da mai bidiyon, saboda na zauna a Indiyan shekara biyu da wani abu, na sha fama da wannan matsala acan, na je wajen likitan asibiti na je wajen likitan Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, kuma babu ko mutum daya a cikinsu da ya taba ce min mai zai mikar min da kashi. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda na sani da abinda na gwada a jikina, ko wani zai amfana kafin ya zubar da kudinsa.

Bari in fara da menene ma abin. In ka saka yatsa a hanci zaka ji akwai wani bango a tsakiya da ya raba kofa biyun, likitoci suna ce mai septum. Gabansa guringuntsi ne shi yasa yake lankwasuwa in ka taba, can ciki kuma kashi ne siriri. Toh wannan bangon ba kowa ne nasa yake tsaye cak a tsakiya ba, alkaluman da likitocin hanci suke yawan kawowa shine kusan mutum 8 cikin 10 nasu ya dan kauce gefe, sai dai yawancinsu har su mutu basu sani ba dan baya damunsu. Wasu haka aka haife su, wasu yana karkacewa ne lokacin da fuska take girma, wasu kuma buguwa ce. Ni ina kyautata zaton nawa buguwa ce, ina aji biyu a sakandare muna kwallo a filin unguwa wani ya kai min gwiwar hannu a karan hanci, jini ya balle, aka kaini gida Inna ta jika tsumma ta dora min ta ce in daga kai sama, kwana uku kumburi ya sabe kowa ya manta. Tun daga nan kofar hagu bata kara zama daidai da ta dama ba amma na dauka haka kowa yake.

A 2017 na tafi karatu Greater Noida, nan kusa da Delhi inda daliban Najeriya suke da yawa. Duk wanda ya yi watan Nuwamba a wannan yankin ya san abinda nake nufi. Manoman jihohin Punjab da Haryana suna kona ragowar karan shinkafa a gonaki, ga hayakin wasan wutar bikinsu na Diwali, ga motoci, ga sanyi ya danne iska bata motsi, sai gari ya rufe da wani irin hazo mai daci a makogwaro. Na wannan shekarar ya yi tsanani har aka rufe makarantun yara a Delhi na wasu kwanaki. Mu da muka tashi cikin kurar hunturu muna ganin mun saba, amma wancan daban ne, kura da hayaki ba daya bane. Hancina na hagu ya toshe dam, na dama ma rabi-rabi, bacci da baki bude, in tashi makogwaro a bushe kamar na hadiyi yashi, kai yana sarawa har azahar, karatu baya shiga.

Kuskuren farko da nayi shine na je kemis na sayi digon hancin nan mai sinadarin xylometazoline. Minti biyar hanci ya bude fes, na ji kamar an sake haihuwata. A jikin takardar an rubuta kar a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, ni kuma na yi wajen sati shida. Abinda yake faruwa shine maganin yana matse jijiyoyin jinin cikin hanci, in ya sake su sai su kumbura fiye da da, sai ka kara digawa, daga sau biyu a rana na koma sau biyar shida, kwalba a aljihu duk inda zani. Ina rokon duk mai karanta wannan, in kana da irin wannan kwalbar a karkashin filo ka duba kwana nawa kayi kana digawa. In ka haura sati daya toh mai yiwuwa maganin ne yanzu yake toshe maka hanci.

Da abin ya isheni na je wajen likitan kunne da hanci da makogwaro. Ya fesa min wani abu ya kashe wajen, ya zura wata siririyar kamara ya juyo min da allon ina kallo, karon farko kenan da na ga cikin hancina. Ya nuna min bangon ya dan turo zuwa hagu, yace karkacewar kadan ce ba mai tsanani ba. Sannan ya nuna min wasu tsokoki jajaye a gefe masu kama da 'yan tsiran nama, yace sunansu tabinet, aikinsu dumama iska da jika ta kafin ta sauka huhu, kuma su suna kumbura suna sabewa, kura ko sanyi ko aleji ko mura duk suna sa su kumbura. Yace min bangon nan shekara goma sha yana haka kana rayuwarka, abinda ya canza a watan nan naman gefen ne ya kumbura ya cike dan filin da ya rage. Wannan maganar ita ce ta bude min kai, kuma ita ce duk abinda nake so mutum ya rike a rubutun nan. Bangon ba abinda zai motsa shi sai wukar likita, amma naman gefen ana iya lallaba shi, kuma ga mai karkacewa kadan sau da yawa lallabawar ta isa.

Ya kuma yi min bayanin wani abu da ya dade yana daure min kai, wato me yasa toshewar take yawo, yanzu hagu anjima dama. Ashe kowane dan adam hancinsa karba-karba yake aiki, gefe daya ya dan kumbura ya huta dayan ya dauki aiki, bayan 'yan awanni su canza. Wani likitan Jamus Richard Kayser ya rubuta wannan tun 1895, masu yoga na Indiya kuma sun dade da lura da shi, suna danganta kofar hagu da abinda suke kira ida ta dama kuma pingala. Mai mikakken bango baya ji, amma mu in layi ya zo kan matsattsen gefen sai ya rufe gaba daya. Ya hanani digon nan, ya bani feshin steroid mai suna mometasone da ruwan gishiri, yace feshin baya aiki nan take sai an jure kwanaki zuwa sati biyu, kuma in ringa karkata bakin kwalbar wajen kunne ba wajen bangon ba dan kar ya jawo habo. Satin farko na barin digon ya yi min wuya matuka, amma ya wuce.

Maganar Ayurveda kuma ta shigo ne ta wajen wani abokin karatuna dan jihar Kerala ta kudancin Indiya. Su mutanen Kerala Ayurveda a jininsu take, akwai wani babban gidan magani a garin Kottakkal, Arya Vaidya Sala, da P.S. Varier ya kafa tun 1902 har yau yana aiki. Kuma gwamnatin Indiya ta dauki abin da gaske, a 2014 ta kafa ma'aikata guda mai suna AYUSH dan irin wadannan hanyoyin magani, likitocinsu digiri suke yi mai suna BAMS na shekara biyar da rabi. Abokin nan ya kaini wajen wata likita dattijuwa a Delhi. Ta rike min hannu ta ji bugun jini, ta duba harshe, ta tambayeni me nake ci, karfe nawa nake kwanciya, ina shan ruwan sanyi ko a'a. A tsarinsu jiki yana tafiya ne kan abu uku, vata da pitta da kapha, tace matsalata kapha ce ta taru, ita ke kawo majina da nauyin kai, sai vata da ke kawo bushewa. Ni dai ban dauki wannan rabon a matsayin ilimin da aka tabbatar a dakin gwaji ba, tsari ne na fahimtar jiki irin na da, kamar yadda namu masu maganin suke maganar sanyi da zafi. Amma abinda ya sa na girmama matar nan, na tambayeta kai tsaye ko maganinta zai gyara karkacewar, ta girgiza kai tace dana, mai baya mikar da kashi, abinda zan iya shine in sa hancin ya daina bushewa ya daina saurin kumbura, in bai isa ba ka koma wajen mai tiyata.

Abinda ta dora ni akai sunansa nasya, wato saka magani ta hanci, daya ne daga cikin hanyoyin wanke jiki guda biyar da suke kira panchakarma. Tsofaffin littattafansu irin su Charaka Samhita suna cewa hanci shine kofar kai. Akwai babban nasya da ake yi a asibitinsu, a kwantar da kai a shafe fuska da mai a dan gasa ta da tiriri sannan a diga mai da dan yawa, abinda ya gangaro makogwaro ka tofar. Akwai kuma karami na kullum da suke ce ma pratimarsha, digo biyu kacal a kowace kofa, ko ma ka tsoma dan yatsa mai tsabta a man ka shafa a ciki. Man da aka fi sani shine anu taila, asalinsa man ridi ne da aka dafa da ganyayyaki da saiwoyi masu yawa da nonon akuya. Yana da yaji, ranar farko hawaye sai da suka zubo min, atishawa kuwa ba adadi. Ta gargadeni kar in yi ina cikin sabuwar mura ko zazzabi, kar in yi daga cin abinci ko daga fitowa wanka. Na yi na wata biyu, gaskiya bushewa da tasonon nan mai tauri da yake fitowa da jini-jini sun ragu sosai. Sai dai a lokacin ina hadawa da feshin likita da ruwan gishiri, dan haka bazan daura ma man nan rawanin shi kadai ba.

Wani abu da ya bani sha'awa, da na kira gida ina ba Inna labari sai tace ai wannan ba sabon abu bane, mu ma da hunturu man shanu ko man kadanya muke dan shafa muku a hanci kuna yara. Kuma da gaske ne akwai wani karamin bincike da wani malami mai suna Tella ya wallafa daga Legas a 1979 akan man kadanya da toshewar hanci, ya ga yana taimakawa. Sannan a bangaren addini ga hadisin Ummu Kais a Bukhari akan kustul hindi da ake shakawa ta hanci, wannan kustul hindin da ake saidawa a shagunan Islamic kemis dinmu shine saiwar da 'yan Ayurveda suke kira kushta. Kenan tsakaninmu da Indiya a maganar hanci akwai tsohuwar hanya.

Amma anan dole in tsaya in ja kunne, saboda mai a hanci yana da hadarinsa. In ya yi yawa ko aka diga ma mutum yana kwance zai yi bacci, yana iya silalewa ya sauka huhu, huhu kuma baya iya fitar da mai, sai ya taru ya zama wani irin ciwon nimoniya. Likitoci a Saudiyya da Indiya sun rubuta labarin jarirai da suka kamu da wannan saboda al'adar dura musu man shanu ko man ridi a hanci. Dan Allah iyaye mata kar a diga ma jariri mai a hanci ko wane iri ne. Ni kaina yanzu ban digawa, shafawa nake da dan yatsa a bakin kofar daga ciki, kadan, kuma da safe ina tsaye. Haka ma basilin da mutane suke cusawa, wannan hadarin yana tattare da shi in aka dade ana yi. Sannan magungunan Ayurveda na hadiya, kwayoyi da garin da ake saidawa barkatai a intanet, wani likita a Boston mai suna Robert Saper ya gwada guda 70 da ya saya a shaguna ya wallafa a 2004, ya samu 14 a ciki suna dauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik, daya cikin biyar kenan. Mu da muka ga abinda gubar dalma ta yi ma yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu dauki wannan da wasa ba. Kwalbar da ba sunan kamfani ba lambar rajista ba jerin abinda ke ciki, ko an ce daga Kerala aka sauko da ita yau, ni bazan saka a jikina ba.

In za a ce in zabi abu daya tak cikin duk abinda na gwada, wanke hanci da ruwan gishiri zan dauka, nesa ba kusa ba. A Indiya suna ce mai jala neti, asalinsa daga yoga ya fito amma likitocin Ayurveda suna bada shi, likitocin asibiti ma haka. Wata 'yar buta ce karama mai dogon baki, ka sunkuya kan wajen wanke hannu ka karkata kai gefe ka bude baki kana numfashi ta nan, ka zuba ta kofar sama ruwan ya zagaya bayan bangon ya fito ta kofar kasa. A gefen hagu nawa ruwan a hankali yake wucewa kamar digo, haka ake hakuri da shi ba a turawa da karfi. In ka gama ka fyace a hankali, kar ka toshe kofa daya ka buga da karfi dan ruwan zai iya tafiya kunne. Abinda yake fitowa lokacin hunturu sai ka gani da idonka, ruwan kasa-kasa. Hadin da nake yi shine cokalin shayi daya na gishiri da cokalin shayi daya na bekin soda a ruwa rabin lita da dan kari. Bekin soda nace, ba bekin fauda na kek ba kuma ba kanwa ba. In gishiri ya yi kadan ko ya yi yawa zaka ji radadi, in ya yi daidai kusan baka jin komai. Wanda bashi da butar, sirinji babba marar allura ko robar matsawa da ake saidawa a kemis duk suna yi. Akwai bincike da aka yi a Ingila karkashin Farfesa Paul Little na jami'ar Southampton aka wallafa a 2016, mutum 871 masu yawan ciwon hanci, aka ga masu wanke hanci da gishiri sun samu sauki, masu sirace kuwa in banda ciwon kai da ya dan ragu babu wani canji sosai.

Sharadin da ba sassauci a ciki shine ruwan. Dole a tafasa shi ya yi bori sosai na 'yan mintuna sannan a barshi ya huce ya zama dumi-dumi. Ba ruwan famfo kai tsaye, ba na rijiya, ba na tanki, ni ko na leda sai na tafasa. Akwai wata kwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da take rayuwa a ruwa mai dumi, in an sha ta ba komai amma in ta shiga can saman hanci tana iya haurawa kwakwalwa kuma da kyar ake tsira. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Louisiana ta Amurka bayan sun yi amfani da ruwan famfo a irin wannan butar. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma tafasa ruwa bai kai komai ba. Butar ma a wanke ta a kife ta bushe, kuma ba a aron ta.

Mu musulmi wannan wankin ba bakon abu bane a wajenmu tunda kullum muna shaka ruwa mu fyace a alwala, shi yasa ma ban sha wuyar koyo ba, abokina dan Kerala har mamaki ya yi. Da azumi kuma ina dage wankin da shafa man zuwa bayan shan ruwa, tunda hadisi ya ce a kai matuka wajen shaka ruwa sai dai in mutum yana azumi, abinda ya bi ta hanci ya kai makogwaro magana ce babba.

Sirace kuma, na san muna son sa, ganyen turare, na'a-na'a, wasu har da darbejiya, a rufa da bargo. Ina yi jefi-jefi in kaina ya yi nauyi dan yana min dadi yana sassauta majina na dan lokaci. Amma mentol din da ke sa ka ji hanci ya bude, jijiyar jin sanyi yake tabawa, kofar bata kara fadi ba. Kuma tukunyar tafasasshen ruwa da yaro a karkashin bargo, yara da yawa sun kone ta haka, ni ban yarda ayi ma 'ya'yana ba. Shayin citta da masoro da dan zuma da kurkum shima ina sha da sanyi, 'yan Ayurveda suna da wani hadi trikatu, citta da masoro da wani dogon barkono da suke kira pippali, da ganyen tulsi dan uwan daddoyarmu. Yana dumama jiki yana gyara makogwaro, iyakarsa kenan a wajena, mai olsa kuma ya yi hankali da yajin.

Motsa numfashi da likitar ta koya min, anulom vilom, ka toshe kofa daya ka shaka ta dayar ka canza, minti biyar bayan asuba. Baya gyara bango amma ya koya min rufe baki in yi numfashi ta hanci a nitse, dan na shekara da shekaru ina shaka ta baki ban sani ba. Da wani bhramari, ka rufe baki kayi guna kamar kudan zuma yayin fitar da numfashi, wasu masu bincike a cibiyar Karolinska ta Sweden sun nuna a 2002 cewa irin wannan gunar tana ninka wata iska mai suna nitric oxide a hanci wajen sau 15 saboda tana motsa iskar da ke cikin ramukan kashin fuska. Ba kudi ake biya ba, ba illa, shi yasa na rike shi.

Da na dawo gida sai na gane kananan abubuwa ne suke yanke hukunci ko zan yi bacci ko bazan yi ba. Kwanciya a gefen dama tana sa kofar hagu ta zama a sama sai ta bude, dan gefen da ke kasa shine jini yake taruwa ya kumbura, na yi sa'a nawa ya dace da sunna, wanda nasa na dama ne ya matse zai ga akasin haka. Filo biyu. Fanka kar ta bugi fuska kai tsaye. Da hunturu iska a Kano bushewa take yi karkaf, sai in rataya jikakken tawul a daki ko in ajiye roba da ruwa, in zan hau babur ko in shiga kasuwa takunkumi a fuska. Maganin sauro na kunnawa na daina, gidan sauro muka koma. Mafi wuya shine turaren wuta, kun san matanmu da turaren wuta, sai da muka zauna da maidakina muka yi magana ta fahimta, yanzu tana sawa da rana a bude tagogi kafin dare ya fita, Allah ya saka mata da alheri dan ta yi hakuri da minsharina shekaru. Akwai kuma 'yar filastar nan da ake mannawa a karan hanci da dare tana dan daga gefen hancin, ranar da abin ya matsa ina sawa.

Habo kuma tunda masu karkataccen bango muna yawan yi saboda iska tana busar da gefe daya, abinda Inna ta sani na daga kai sama ba daidai bane, jinin makogwaro yake komawa. Zama ake yi a dan sunkuyo gaba a matse wajen taushin hanci minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Na koya mata, yanzu ita take koya ma jikoki.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya dauka ina tsoratar da mutane daga tiyata. Aikin sunansa septoplasty, ta cikin kofar hanci ake yi ba a yanka fuska, yawanci bai fi awa daya zuwa daya da rabi ba kuma da yawa ranar suke komawa gida. Wani babban bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2023 akan mutum 378 masu matsakaiciya zuwa tsananin toshewa ya nuna wadanda aka yi ma aikin sun fi masu feshi da ruwan gishiri samun sauki bayan wata shida. Kenan wanda nasa ya yi tsanani yana cutar kansa ne in ya tsaya wasa da mai da sirace. Kuma ba duk toshewar gefe daya bace karkacewa, akwai tsiron nama, akwai abinda yafi haka. In toshewar sabuwa ce kuma gefe daya kullum, ko jini yana yawan fitowa, ko majina mai wari, ko ka daina jin kamshi, ko fuska ta kumbura, ko ana ce maka numfashinka yana daukewa cikin bacci, asibiti zaka je a leka da kamara. Yaro karami da majina mai wari take fito mai ta kofa daya, sau da yawa wani abu ya cusa, dan wake ko dutsen ado ko guntun soso. Muna da cibiyar kunne da hanci ta kasa a Kaduna, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suma suna da sashen.

Ni yanzu shekara ta bakwai kenan ina kan wannan tsarin, wanki sau daya a rana da damina sau biyu da hunturu, dan shafa man ridi ko man kadanya da safe, feshin likita in aleji ya taso, kuma duk shekara kafin sanyi ya shigo ina zuwa a duba min. Zuwan da nayi na karshe likitan yace bangon yana nan yadda yake, naman gefen ne ya kwanta lafiya, yace in dai maidakina ta fara lura numfashina yana tsayawa da dare ko na koma bacci da baki bude duk da wannan kokarin toh in dawo mu sa ranar aiki, nace mai na yarda. Kanina kuma na kira shi na tambaye shi dalilin da yasa bidiyon ya dauki hankalinsa, ashe shima wata uku kenan kofar damansa a toshe kuma yana ta diga maganin kemis. Na ce ya ajiye kwalbar, ranar Litinin zan biyo in dauke shi mu je a leka.